TURANCIN KARA: KALMAR "TAKE" DA RIGUNANTA

 

A zamanmu na baya wasu sun yi ƙorafi, suka ce shafin nan kullum maganar farashi da haraji da ciwon huhu, ba a taɓa waiwayar abin da ke ɗaure mana harshe da zarar mun tsallaka iyaka ba, wato Turancin Ingila. Gaskiyarsu. Mu nan Nijar, wanda ya shiga lakwal Faransanci ya karanto, wanda bai shiga ba, irina, allo ya yi da Islamiyya. Amma shanunmu ba Faransa ake kai su ba. Ikko ake kai su, da Badun, da Anaca, da Fatakwal, wasu har Kumasi. Can kuwa mahauci, da ɗan sanda, da malamin dabbobi, da mai yanka rasit, duk Turanci ne a bakinsu, ko na makaranta ko buroka. Shi ne aka ce in ɗan rubuta abin da na sani.

Ni dai ba malamin Turanci ba ne. Ɗan abin da ke kaina a kara na tsince shi, da bakin direbobi, da rediyo, da tambayar ƴaƴana da suka yi boko, sai kuma asara, wadda bulalarta ta fi ta malaminmu na allo zafi.

Kalma ɗaya tak zan kama, wato "take", ana faɗinta "tek". In ka tambayi yaron makaranta ma'anarta sai ya ce maka "ɗauka", ya wuce abinsa. Bai yi ƙarya ba, amma ƙafa ɗaya ya ba ka ta sa, ya riƙe uku. Kada wannan ya ba mu mamaki, don mu ma muna da irinta. Baturen da ke koyon Hausa in an ce masa "ci" shi ne sa tuwo a baki, yaya zai yi ranar da ya ji an ce wane ya ci riba, wane ya ci bashi, wane ya ci amana, kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis? Kai, ko tsakaninmu Hausawa, jaka ɗaya a Maraɗi sefa 1000 ce, a Kano naira 200 ce. Kalma ɗaya, iyaka ta raba ma'ana. To "take" ita ce "ci" ta Turawa. Wanda ya riƙe ma'anarta ɗaya ya shiga kasuwa, yana jin ana magana yana tsammanin ya gane, alhali an sayar da shi yana tsaye.

RIGUNA BIYAR

Waɗanda muka zauna gaban malami muka yi sarfu, abin ba zai yi mana wuya ba. Mun haddace akhaza, ya'akhuzu, khuz, muka san akhizun mai ɗauka ne, ma'akhuzun abin da aka ɗauka. Abin sha'awa, ita akhaza ɗin ma'anarta ɗaya da "take". Turanci bai kai Larabci yawan juyi ba ko kusa. Riguna biyar kaɗai kalmar ke da su.

Ta farko "take". Ita ce ta umurni: "take the rope", ɗauki igiyar. Ita ce kuma ta al'ada: "I take cattle to Lagos every month", nakan kai shanu Ikko kowane wata. In aka sa mata "will" a gaba ta zama ta abin da bai faru ba: "I will take", zan ɗauka. Ta biyu "takes", ita ce dai ta farko, ana ƙara mata harafi ɗaya in ana maganar shi ko ita: "he takes", yakan ɗauka. Wannan ko ka kuskure ta babu wanda zai ci kuɗinka a kai, ba zan tsaya kanta ba. Ta uku "took", ana faɗinta "tuk", ita ce madi, abin da ya wuce: "he took five bulls yesterday", ya ɗauki bijimai biyar jiya. Ta huɗu "taken", ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ƴar rakiya. In ƴar rakiyar "have" ce ko "has", ma'ana an riga an yi: "I have taken", na riga na ɗauka. In "was" ce ko "were", to ta zama majhuli, wato an ɗauka ba a faɗi wa ya ɗauka ba. Ta biyar "taking", abin da ake cikin yi: "they are taking the cows down", suna cikin sauke shanun.

Yawancin fi'ilan Turanci in za a mai da su madi "ed" ake liƙa musu a wutsiya: "load" ta koma "loaded", "count" ta koma "counted". Ita wannan ta ƙi bin layi, babu wani abu wai shi "taked". Kamar dai yadda khuz ta yar da hamzarta ba a tambaye ta dalili ba, haka aka same ta, haka za a haddace ta. Ƴar'uwarta a wannan hali ita ce "shake", wadda ake cewa "shake hands" in an gama ciniki an tafa: shake, shook, shaken.

Wani abu ɗaya da ke rikita mutane: in za a yi tambaya ko musu a kan abin da ya wuce, "took" sai ta koma "take", don kalmar "did" ta ɗauke mata kayan madin. "Did you take the money?", ka ɗauki kuɗin? "I did not take it", ban ɗauka ba. Kada ka ji "take" a nan ka zaci maganar gobe ake yi.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa na haddace rigunan nan kamar karatun allo.

Ba da jimawa ba bayan an karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin ina saurayi ina ji da kaina, na kai kaya wata kara a Ikko. Mai masaukina ba ya gari, ya tafi gida ta'aziyya. Kun san aikin mai masauki, shi ne ya san wane mahauci ake ba bashi, wane ne ba a ba shi. Ni kuwa ga gaggawa, shanu suna ramewa, kuɗin ciyawa da ruwa yana hawa kullum. Wani mahauci ya taya bijimai 12, muka daidaita a kan zai biya bayan mako biyu. Na ce a rubuta. Ɗansa ya ciro biro ya rubuta, ya karanta mini da sauri, na ji "take", na ji "twelve", na ji "two weeks", na ce ai magana ta fito. Na sa hannu da ajami, shi ya dangwala yatsa. A daren nan aka kora bijiman duka 12.

Bayan mako biyu na koma, mutumin nan ya ce shi 8 ya ɗauka, 8 zai biya. Na fiddo takarda da ƙarfin zuciyata a gaban shugabannin kara. Akawunsu ya karanta ya dube ni, ya ce, "Malam, abin da ke nan shi ne 'I will take twelve cows'. Zan ɗauka ya ce, bai ce na ɗauka ba. Takardar nan shaidar alkawari ce, ba shaidar karɓar kaya ba." Wallahi har yau in na tuna sai in ji gumin ranar. Allah ya taimake ni dillalin da ya tsaya a cinikin yana nan, da yaran da suka kora shanun, suka ba da shaida. Duk da haka sai da aka yi wata uku ana jeka ka dawo, aka ƙare da sulhu, kuɗin bijimi biyu suka bi ruwa. Tsakanin "will take" da "have taken" nan bijimaina biyu suka faɗa.

Saboda haka duk takardar da za a rubuta maka ta kayan da suka bar hannunka, nemi ɗayan biyu da idonka: ko "took" tare da kwanan wata, ko "have taken". In ka ga "will", ko "shall", ko "going to" a gaban kalmar, to a bisa takarda shanun suna hannunka har yanzu, ko da an riga an yanka su an sayar da fatunsu.

Majhulin nan ma akwai tarko a ciki. In, Allah ya kiyaye, an tare mota an kwashe kaya, ka je ba da rahoto aka rubuta "the cows were taken", maganar ba ta ce sata ba. An ɗauke kawai ta ce. Mai bin ka bashi ma in ya kora shanunka "were taken" ne, hukuma in ta kama su "were taken" ne. Ka ce a rubuta "were stolen", an sace, ko "were taken by force", an ƙwace da ƙarfi. In hukuma ce ta riƙe, kalmar ita ce "seized", kuma a rubuta "by" wane ofis, don "by" ita ce ke tona wanda majhuli ya ɓoye.

BUROKA

Turancin takarda ke nan. Amma a kara da kan hanya buroka aka fi yi, ita kuwa tata dokar daban. Buroka ba ta san "took" ba, ba ta san "taken" ba. Riga ɗaya ce, "take", sai dai a canza mata hula. "I go take", zan ɗauka. "I dey take", ina ɗauka. "I no take", ban ɗauka ba. "I never take", ban ɗauka ba tukuna. "I don take", na riga na ɗauka.

Ku tsaya a kan ta ƙarshen nan, don ita ce mugu. "Don" ta buroka da "don't" ta Turancin makaranta a kunne kusan ɗaya suke, a ma'ana kuwa gabas da yamma. "I don take am", na ɗauke shi. "I don't take it", ba na ɗaukarsa. "Don't take it", kada ka ɗauka. Harafin "t" ɗin da ya raba su ba ya fita sosai, tun da kalmar da ke biye ita ma da "t" ta fara, balle a waya, ga ƙarar injin ga kukan shanu. Dabarata ita ce in saurari abin da ke kewaye. In na ji "am", ko "dem", ko "o" a ƙarshe, na san buroka ce, an riga an yi. In na ji "it" ko "them", Turancin makaranta ne, hani ne ko musu. In kuwa maganar kuɗi ce ba na dogara da dabara, sai in sake tambaya: "You take or you no take?" Wannan ba ta da fuska biyu. Wannan "don" ɗin a Nijeriya da yammacin Kamaru za ka fi jin ta, masu zuwa Gana ba su cika gamuwa da ita ba.

A buroka kuma "take" tana tsayawa a matsayin "da" ɗinmu ta kayan aiki. "Take rope tie am" ba aiki biyu ba ne, ɗaure shi da igiya ke nan. "I take God beg you", na haɗa ka da Allah. "How you take come?", ta yaya ka zo? Ɗan sanda in ya ce "Which money you take buy dem?", tambaya yake da wane kuɗi ka saye su, ba cewa yake ka ɗauki kuɗin wani ba. Na ga dattijo ya fusata a shinge a kan wannan, yana rantsuwa shi bai taɓa ɗaukar kuɗin kowa ba, aka ɓata mana awa guda a banza.

Ga kuma wata da ta kusa sa yarona ya sha mari. A Turancin makaranta "take your time" lallashi ne, yi a hankali, babu gaggawa. A bakin mutumin Kurmi da ya ɗaure fuska, "take your time o", ko "take time", kashedi ne, shiga taitayinka. Yaron ya ji an ce masa haka, ya yi murmushi ya ce "thank you". Sai ka dubi fuskar mai magana kafin ka yi godiya.

ITA KAƊAI A CIKIN CINIKI

Abin da Hausa ta raba wa kalmomi da yawa, ɗauka, karɓa, kai, sha, kama, bi, Turanci ya tara wa "take". Abin da ya biyo bayanta shi ke nuna wacce ake nufi.

A wurin tayi, mai saye da mai sayarwa duka suna cewa "I will take". In dabba ce ta biyo baya, mai saye ne: "I will take the red one", zan sayi jan. In kuɗi ne suka biyo baya, mai sayarwa ne: "I will take nine hundred", zan sallama a 900. Saboda haka in an tambaye ka "How much will you take?", nawa za ka sallama ake nufi, wato ƙarshen kuɗinka, kada ka yi saurin buɗe baki kafin dillalinka. In an ce "How many will you take?", guda nawa za ka saya. "Much" ta kuɗi ce, "many" ta ƙirge ce. Albarka kuwa ita ce "I cannot take that". Wanda ya ce maka "take it or leave it" ya rufe ƙofa, wato in ka so ka karɓa, in ba ka so ka bari, ko da yake na sha ganin mai faɗin haka ya biyo ni bakin ƙofar kara.

Wurin mota tana da fuska uku. "This trailer takes thirty", tirelar nan tana cin shanu 30. "It takes two days", yana cin kwana biyu. Kun ga a nan ta yi daidai da "ci" ɗinmu sak. Sai "take the Jebba road", bi hanyar Jebba, wato in ka shiga ta Jibiya ka yi Katsina, Funtuwa, Tegina, Mokwa, ka haye gadar Kwara a Jebba, ka yi Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun. Mutanen Ƙonni da ke shiga ta Illela su yi Sakkwato, Yawuri, Kwantagora, a Mokwa ake haɗuwa.

Akwai kuma bambancin "take" da "bring", wanda mu Hausawa bai kamata ya ba mu wahala ba, don shi ne bambancin kai da kawo. "Take them to the market", kai su kasuwa, nesa da mai magana. "Bring them", kawo su inda nake. In kana waya da direba ka kuskure wannan, sai ka zauna jira a Agege kaya suna Badun.

Wurin likita "take" sha ce: "take two tablets", sha ƙwaya biyu. Mai masauki in ya ce "What will you take?", me za ka sha ko me za ka ci yake nufi, ba ciniki ba ne. Malamin dabbobi in ya ce zai "take blood", jini kaɗan zai ɗiba don awo. "Take heart" ta'aziyya ce, yi haƙuri. "Take note", lura. "Take care of them", kula da su. "Take place", faruwa. Waɗannan sai hadda, babu wata dabara.

ƳAN WUTSIYA

Nan ne kalmar ta fi yawan rassa. Malaminmu na nahawu ya sha nanata mana cewa harafin jarri yana iya juya fi'ili ya koma kishiyar kansa. Ragiba fi, ya so abu. Ragiba an, ya ƙi shi. Da'a lahu, ya yi masa addu'a. Da'a alaihi, ya yi masa mugun baki. Turawa haka suke yi da ƴan ƙananan kalmomi irin su to, from, off, in, over, back, down. Kunnen baƙo yakan tsallake su don gajarta, alhali ma'anar tana wurinsu.

"Taken to" an kai, "taken from" an karɓe daga. "The cows were taken to Alhaji", an kai wa Alhaji. "The cows were taken from Alhaji", an raba Alhaji da su.

"Take off" kaɗai tana da ma'ana huɗu da na sani. Cire ko tuɓe: "take off your cap". Rage kuɗi: "take off ten thousand", rage 10,000. Tashi, na jirgi ko na mota: direba ya ce "we don take off", mun kama hanya. Sai gudu: "the boy took off with the money", yaron ya arce da kuɗin. In ka ji "with" ta biyo baya, sannan aka ambaci kayanka, to ba labarin alheri ba ne.

"Take in" ta fi ba ni dariya. A Turancin Nijeriya "she has taken in" ta sami ciki ke nan. Ga mata aka fi faɗi, amma za ka ji an faɗa wa saniya ko karsana. In mai saye ya shafa cikin saniyarka ya ce "this one don take in", yana gaya maka tana da ciki, kuma ciniki ya canza, don mai neman ta kiwo zai ƙara, mahauci na kirki kuwa zai janye. A Turancin Ingila kuma "I was taken in" ma'anarta an yaudare ni. "Taken ill" daban ce, ta kamu da ciwo. Tsakanin "in" da "ill" harafi kaɗan ne, ɗaya ƙaruwa, ɗaya asara.

"Take back" mayarwa ce ko karɓar abin da aka mayar. Mahauci in ya yanka ya tarar hanta ta lalace, ko ya ga saniya tana ɗingishi tun ba a fita kara ba, sai ya ce "take it back". Shi ya sa masu kanti ke rubuta a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya "will not be taken back", ba a mayarwa. Mu a shanu al'adar kowace kara ita ke hukunci, amma in kun yi sharaɗi a rubuta shi.

"Take down" a bakin mota saukewa ce, a ofis rubutawa ce: "take down his name", rubuta sunansa. "Take out", fitar. "Take away", kawar ko tafi da, ita ce kuma ɗebewa a lissafi. "Take over" karɓar ragama ce daga hannun wani. Direba na biyu in ya karɓi sitiyari "take over" ya yi. Mai bin bashi in ya karɓe shagon mahauci "take over" ya yi, kai da ke bin mahaucin kuɗin shanu sai ka san inda za ka nufa. Ita ce kuma muka ji a gidajen rediyon Turanci ranar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai a watan Yuli na 2023, abin da ya biyo baya kuwa kowa a cikinmu ya ji a jikinsa, don iyaka da Nijeriya ba ta sake buɗewa ba sai watan Maris na 2024.

In an ce "I will take you to court", ba rakiya ba ce, ƙara ce. "Take action" ɗaukar mataki. "Take oath" rantsuwa. "Take delivery" karɓar kaya a hannu, wannan ta takarda ce, ku riƙe ta, za mu yi amfani da ita yanzu.

MASU ƊAUKE DA ITA A CIKI

Akwai kalmomi uku da "take" ke zaune a ƙarshensu, kuma rigunanta suke sawa. "Overtake", wuce mota, abin da direbobinmu ke kira obatekin: overtook, overtaken. "Mistake", kuskure: mistook, mistaken. Ta uku ita ce mai nauyi, "undertake": undertook, undertaken. Ma'anarta ɗaukar alkawari ko lamuni a wuyanka. A caji ofis in an ce ka rubuta "undertaking", ba bayanin abin da ya faru ake nema ba, wannan "statement" ne. Alkawari ake so ka ɗaure kanka da shi, cewa za ka biya kaza ran kaza, ko za ka kawo wane. Da yawa daga cikinmu sun sa hannu don a sake su su bi mota, daga baya suka tarar sun lamunci bashin da ba nasu ba. Kada ka sa hannu sai wanda ka yarda da shi ya fassara maka layi layi, ba wanda ya rubuta ba, ba kuma ɗan mai bin ka ba.

Amma in kai ne mai ba da kaya bashi, ita ce kalmar da kake so a bakin mai saye. Ga abin da nake sa a rubuta mini tun bayan waccan asara, layi uku ne:

"I have taken delivery of twelve bulls from Alhaji Wane today." Na karɓi bijimai 12 daga hannun Alhaji Wane yau.

"I have not paid." Ban biya ba.

"I undertake to pay", sai adadin kuɗi, sai "on", sai ranar biya. Na ɗauki alkawarin biyan kaza ran kaza.

A rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi, a faɗi naira ce ko sefa ko sidi. In ya ba da kafin alƙalami a canza layi na biyu a rubuta abin da ya bayar da abin da ya rage. A rubuta "bulls" in bijimai ne, don a Kurmi kowace dabba mai ƙaho "cow" ce, kuma kun san kuɗin bijimi ba na tsohuwar saniya ba ne. Kwanan wata a sama, hannun mai saye, hannun dillali, hannun mai masauki. Yanzu da waya ta zo sai ka ɗauki hoton takardar nan take, wanda shi ma a Turanci "take picture" ne.

Wanda ke da takardar da ta shige masa duhu ya kawo ta zama na gaba mu duba tare. A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kama kalmar "clear", wadda ƴan kwastan da banki da ƴan shinge kowa ke faɗi da tasa manufa.